Kafin ku miƙa wa jarumi kayan tsafi

Ƙannena da kuka fara jan ragamar wasan Dungeons & Dragons, wato wasan teburi da jagora ke tsara labari, kowane ɗan wasa kuma yana sarrafa jarumi guda, ko wani wasan da ya yi kama da shi, ba da jimawa ba za ku tarar cewa babu abin da ya fi daɗi a teburi kamar lokacin da jarumai suka buɗe akwatin da suka sha wahala a kansa, suka ga takobi mai walƙiya ko zobe mai rubutu a ciki. Daɗin nan ne ke sa hannun jagoran wasa ya saki. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, kayan tsafi suna cikin manyan abubuwan da ke jan 'yan wasa zuwa kogo da kufai, kuma tun lokacin jagorori ke fama da tambaya guda: yaya za a ba mutum abin da zai faranta masa rai ba tare da an kashe wa sauran mutanen teburi wasa ba?

Farkon abin da ya yaudare ni shi ne ƙanƙantar lamba. A bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ana jefa ɗan lido mai fuska 20 don a san ko sara ya samu, saboda haka ƙarin maki 1 yana nufin kashi 5 cikin 100, abin da na ɗauka bai kai a tsaya lissafi a kansa ba. Akwai wani ɗan wasana da jaruminsa ke sanye da cikakken sulke, wanda makin kariyarsa 18 ne (wato lambar da dole ɗan lidon mai hari, haɗe da ƙarinsa, ya kai kafin sara ya samu), yana kuma riƙe da garkuwa mai ƙara 2. A hankali na ba shi garkuwar tsafi mai ƙarin 1, daga baya alkyabbar kariya, sannan zoben kariya, kowannensu da nasa ƙarin 1, har ya kai 23. Ƙaramin dodon nan da ake kira gobilin yana da ƙarin 4 a harinsa. Lokacin da kariyar jarumin take 20, gobilin na samun sa sau ɗaya cikin huɗu. Da ta kai 23, sai ya jefa 19 ko 20, wato sau ɗaya cikin goma. Ku lura da kyau: makin ƙarshe kaɗai, daga 22 zuwa 23, ya rage kashi ɗaya cikin uku na saran da ke samun sa. Ƙarin 1 ba ya da nauyi iri ɗaya a ko'ina, domin ya fi tsada a hannun wanda ya riga ya tara.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, kuma wanda bai ci nanin ba ne nanin ta ci. Don in girgiza mai sulken, na fara kawo abokan gaba masu ƙarin 9 a hari. Shi suna samun sa sau 7 cikin 20, abin da ya yi daidai, amma matsafin ƙungiyar, wanda kariyarsa 13 ce, suna samun sa sau 17 cikin 20. Yarinyar da ke wasa da matsafin ta zama mai zaman kallo, jaruminta a kwance kusan kowane faɗa, tana jiran a zo a ɗura masa magani. Masu tsara bugu na biyar sun taƙaita lambobi da gangan: ƙarin ƙwarewa yana tashi daga 2 zuwa 6 ne kawai a matakai 20, makaman tsafi kuma ba sa wuce ƙarin 3, saɓanin bugu na uku na shekarar 2000, inda makami ke kaiwa ƙarin 5 kuma ake sa ran kowane jarumi ya yi ta tara kaya gwargwadon matakinsa. Sun kuma kafa dokar cewa jarumi ba zai ƙulla alaƙa da manyan kayan tsafi fiye da uku a lokaci guda ba. Idan kuka ƙirƙiri naku kayan, kada ku tsallake wannan doka don kawai kuna son mai kayan ya ji daɗi. Tun da irin waɗannan kaya ba sa ba da tsafinsu sai an ƙulla alaƙa da su, dokar ce ke tilasta masa ya zaɓa, zaɓin kuwa shi ne wasan.

Amma kayan da suka fi rusa labari ba su da lamba ko kaɗan. Littafin jagora ya raba kaya aji-aji, daga na gama-gari zuwa na almara, kuma ni na ɗauki wannan rabon tamkar ma'aunin haɗari. Tsintsiyar tashi sama tana aji na biyu daga ƙasa, a bugun 2014 ba ta ma buƙatar ƙulla alaƙa, kuma babu iyaka ga lokacin da za a yi a kanta. Ku gwada ta da tsafin tashi na matsafa, wanda ba a samu sai a mataki na biyar, ba ya wuce minti 10, kuma yana iya karyewa idan aka doki mai yin sa. Na ba jarumai 'yan mataki na uku tsintsiyar, alhali na riga na zana musu ganuwa, da kwazazzabo mai gadar igiya, da hasumiyar da ya kamata su hau bene-bene suna fafatawa. Suka tashi suka sauka a kan rufin. Haka ma tulun ruwan da ba ya ƙarewa, wanda zai iya feso galan 30 cikin daƙiƙa shida: ku sa shi a hannun ayarin da zai ratsa hamada, nan take maganar ƙishirwa, da neman rijiya, da cinikin ruwa da mutanen zango ta mutu. Saboda haka kafin ku saka wani abu a akwati, ku zauna ku tambayi kanku wace matsala ce ba za ta sake zama matsala ba daga yau, sannan ku duba ko labarin da kuka shirya yana tsaye ne a kan wannan matsalar. Ku kuma duba aikin wa kayan zai ƙwace. Mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa ya mayar da ɓarawon ƙungiya, wato jarumin da aikinsa buɗe makullai ne, ɗan rakiya.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne sharaɗi. Duk wanda ya tashi yana jin labarin layar zana da maganin ƙarfe ya san cewa a bakin masu ba da labarin, asiri ba ya zuwa haka kawai, akwai abin da aka hana mai shi, in ya karya kuma asirin ya karye. Wannan tunanin ya dace da teburi ƙwarai. Ku dubi yadda aka tsara sandar ƙwallon wuta: tana da caji 7, tana maido da wani ɓangare nasa da asuba gwargwadon abin da ɗan lido ya bayar, idan kuma aka ƙarar da na ƙarshe sai a jefa mai fuska 20, in 1 ta fito sandar ta zama toka. Na ga ɗan wasa riƙe da ɗan lido a tafin hannu, abokansa na ihu ya harba, shi kuwa yana ƙirga sauran cajin da yatsu yana girgiza kai. Takobi mai ƙarin 2 bai taɓa haifar da irin wannan muhawara ba. A ganina alkyabbar da ke ɓoye mutum amma ta daina aiki da zarar ya yi magana ta fi wadda ke ɓoye shi ba sharaɗi armashi nesa ba kusa ba, ko da yake ta biyun ta fi ƙarfi a takarda.

Idan kuna shakkar wani sabon abu, ku fara bayar da shi a matsayin na amfani sau ɗaya, kamar kwalbar magani ko kibiya guda. In ya wuce gona da iri, ɓarnarsa ta tsaya a zama ɗaya.

Idan kuwa kayan ya riga ya shiga hannu kuma yana ɓata wasa, kada ku bi hanyar da na bi, ta turo ɓarayi cikin dare su sace tsintsiyar ba tare da na bar kowa ya jefa ɗan lido ba. 'Yan wasa ba yara ba ne, sun gane hannun wanda ya yi satar, kuma daga ranar suka riƙa kallon kowace kyauta tawa da zargi, suna kwana da jakunkunansu ɗaure a wuya maimakon su bi labari. Abin da ya fi shi ne ku tsayar da wasa, ku ce wa mai kayan a gaban kowa: wannan abu ya fi ƙarfin matakin da muke, ga yadda yake hana wance da wane rawar gaban hantsi, me kake ganin za mu yi? Sau da yawa shi da kansa zai kawo gyaran, ya ce tsintsiyar ta yi aiki awa ɗaya a rana, ko ta ɗauki mutum ɗaya kawai, ko kuma ƙarfinta ya riƙa buɗewa a hankali yayin da jaruminsa ke hawa mataki, ta yadda cikakken tashi ba zai zo ba sai lokacin da matsafin ƙungiya ma ya iya tashi da nasa tsafin.