Gurbi biyar, masoya biyu: rubuta wa ROMEO matashiya

Ba don shahararsa nake saka ROMEO a jadawalin wasan saƙa kalmomi ba, don haruffansa ne. Biyar ne, uku daga ciki wasula. Jadawali irin na jaridun Amurka, mai gurbi 15 a kwance da 15 a tsaye, dokokinsa a tsaurare suke: kowane harafi sai ya shiga kalma biyu, ta kwance da ta tsaye; babu kalmar da za ta gaza harafi uku; toshassun gurabe kuma su daidaita ta yadda ko an juya takardar kai a ƙasa fasalinta ba zai sauya ba. Idan wata kusurwa ta cije, kalma mai yawan wasula ce ke warware ta. Shi ya sa wannan saurayi na wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Romeo da Juliet ba ya rabo da jaridu. Saka shi abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen rubuta masa matashiya, wato ɗan jimlar da za ta kai mai wasa ga amsa.

Kuskuren da na fara tafkawa shi ne rubuta "Mai neman auren Juliet". Wanda na ba wa jadawalin ya gwada mini, mutum ne da ya san wasan, nan take ya rubuta PARIS, ya kuma yi daidai. Paris shi ne ɗan sarautar da mahaifin Juliet ya zaɓa mata, shi ya bi ta ƙofar iyaye ya nemi auren, Romeo kuwa a ɓoye aka ɗaura nasa. Sunayen biyu harafi biyar-biyar ne, kuma babu gurbi ko ɗaya da suka yi tarayya a harafi. Saboda haka amsa ɗaya da ta karkace ta lalata masa kalmomi biyar na tsaye, ya yi ta sharewa har takardar ta kusa hujewa. Gyaran bai fi kalma ɗaya ba: "Mijin Juliet". Wannan ba ta da amsa biyu, don Paris ya mutu bai aure ta ba.

Daga nan na koma na jera sunayen wasan bisa yawan haruffa, sai na ga ashe tarkon ba ɗaya ba ne. VERONA da MANTUA shida-shida ne, duka suna ƙarewa da A. Idan ka ce "Garin da Romeo ya zauna", ka buɗe ƙofa biyu: Verona garinsu ne, Mantua kuwa can ya yi gudun hijira bayan an kore shi saboda kashe Tybalt, ɗan'uwan Juliet, can kuma ya sayi gubar da ya sha. MERCUTIO da BENVOLIO sun fi wannan muni. Takwas-takwas ne, harafi na biyu E a dukansu, ƙarshensu IO. Mai wasa zai iya samun haruffa uku daga kalmomin da suka gitta, amma har yanzu bai san wanne kake nufi da "Abokin Romeo" ba. A nan sai ka koma ga dangantaka: Benvolio ɗan'uwan Romeo ne na gidan Montague, Mercutio kuwa dangin yariman garin ne, shi ne Tybalt ya soke.

Yanzu kafin in rubuta komai, ina fara tantance wa zan yi wa wasan. Jaridar New York Times, wadda ta fara buga nata a 1942, tana da tsarin da na ara: na Litinin ya fi sauƙi, wahalar tana ƙaruwa har zuwa Asabar. Amsar ba ta canzawa, gefen da aka ɓullo mata ne ke canzawa. A matakin farko, "Mijin Juliet" ko "Ɗan gidan Montague". A tsakiya, "Wanda ya kashe Tybalt", don sai wanda ya san abin da ya faru a tsakiyar wasan. A mataki mai tsauri na fi son "Wanda ya so Rosaline". Mutane da yawa sun manta cewa a farkon wasan ba Juliet ce ke hana shi barci ba, wata ce daga dangin Capulet, gidan su Juliet, wadda ko uffan ba ta ce ba a wasan gaba ɗaya. Matashiyar gaskiya ce tsantsa, kuma idan mai wasa ya gano ta yakan yi murmushi maimakon tsaki.

Akwai kuma hanyoyin da ba su bi ta wasan kwaikwayo ba sam. A haruffan da matuƙa jirgin sama da sojoji ke amfani da su a rediyo, Romeo ne ke wakiltar R, Quebec Q, Sierra kuma S, don haka "Tsakanin Quebec da Sierra" matashiya ce mai kyau. "Alfa ___" ita ce mafi arha, motar nan ta Milan da ta samo rabin sunanta daga injiniya Nicola Romeo. Ina ajiye ta sai kusurwar da kalmomin tsaye suka yi tsauri, in ba mai wasa wurin dafawa. Waɗannan hanyoyi suna da wani amfani: idan JULIET ma tana cikin amsoshin jadawalin, bai kamata sunanta ya fito a wata matashiya ba, in ba haka ba ka miƙa amsa kyauta.

Abubuwa uku ne na ga suna sa a rubuta ƙarya ba da niyya ba. Na farko shekaru: wasan ya faɗi cewa Juliet ba ta cika 14 ba, amma bai faɗi shekarun Romeo ba, don haka kada ka sa masa lamba. Na biyu yadda suka mutu: shi guba ya sha, ita wuƙarsa ta soka wa kanta, abin da ta sha tun farko maganin barci ne da limamin coci Laurence ya ba ta. Na uku, wanda ya fi kama mutane, shahararriyar tambayar da Juliet ta yi da dare: "Wherefore art thou Romeo?" Kalmar tsohon Turanci da ta fara da ita, wherefore, ma'anarta "don me", ba "ina" ba. Ba nemansa take yi ba, kukan sunansa da gidan da ya fito take yi. Na taɓa rubuta "Wanda Juliet ta tambaya ina yake", sai da na soke ta.

Salon Ingila daban yake. Can kowace matashiya kashi biyu ce, ma'ana da wasa da haruffa, a ƙarshe kuma a rubuta adadin haruffan amsar. ROMEO ya dace da wannan salo ƙwarai. Babban birnin Italiya da Turanci ROME ne, O kuwa ana ɗaukar ta sifiri, sifiri kuma a wasan tanis love ake kiransa, wato so. Ka ga birni da so sun haɗu sun haifi masoyi. Ko ka hargitsa haruffan sunan MOORE, su ma ROMEO suke bayarwa, amma dole ka sa kalmar da ke nuna an hargitsa su, in ba haka ba ka zalunci mai wasa. Sannan idan ka ga Romeo a cikin matashiyar kanta, sau da yawa harafin R kawai ake nufi, ba saurayin ba.

Da na gwada saka shi a jadawalin Hausa, sai wata matsalar ta taso. In an rubuta yadda muke furtawa, Romiyo, ya zama harafi shida, wani kuma zai rubuta biyar. Dole a faɗa a saman jadawali cewa sunayen ƙetare da rubutunsu na asali za a cike su. Haka ma sh da ts: gurbi ɗaya za su ci ko biyu? Ni biyu nake ba su, ƙ da ɗ da ɓ kuma ba na yarda su gitta da k, d ko b.

Matakin ƙarshe kullum ɗaya ne. Ina rufe jadawalin, in ba mai gwadawa matashiyar kaɗai da adadin gurabe, in ce ya kawo duk amsar da za ta iya shiga. In ya kawo biyu, na koma na sake rubutu. A na ƙarshe da na saƙa, "Wanda ya mutu a kabarin gidan Capulet" ce ta faɗi wannan gwaji, don Paris ma can ya mutu, kuma Romeo ne ya kashe shi.