Asabar, da na'urar komawa baya

Yau ba lakwal, ga zafi, kuma kuran ya ɗauke tun da hantsi, sai yaran gidan suka rasa talabijin suka dawo kaina. Da ma jiya na sayi wani littafin labarin zane a Babbar Kasuwa, wurin masu baza tsoffin littattafai a ƙasa, jika ɗaya, bangon duk ya yage an manne. Da Faransanci aka rubuta shi. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, ina karantawa ina juya musu da Hausa.

Labarin wasu yara biyu ne da na'urarsu mai agogo a goshi. In ka murɗa hannun agogon baya, sai ta cilla ka wani zamani. Ɗan ƙanwata na ganin ta ya ce ai adaidaita ce aka cire wa tayu. Yaran suka sauka Masar ana tsakiyar ginin dalar Giza ta Fir'auna Kufu, wajen shekara 4,500 da suka wuce.

Mai zanen ya iya hannu, ba laifi. Amma da muka kai shafin da ya cika da bayi ana tsula musu bulala suna jan duwatsu, sai na rufe littafin. Wannan tsohon zance ne. Masu tonon tarihi sun gano unguwar magina a gefen dalar, da gidajen gasa burodinsu, da kaburburan da aka rufe su cikin mutunci. A 2013 kuma, a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, aka samo takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta aikin kowace rana: sun loda farin dutse a Tura, sun bi Kogin Nilu da jirgi, sun sauke a Giza. Aikin wahala ne, amma da tsari, da rabon abinci. Ni a ganina wannan ya fi bulala daɗin labari, sai dai bulala ta fi sauƙin zanawa.

Can sai ƴar autarmu, mai shekara goma, ta ce, "Kawu, in mun murɗa agogon amma ba mu bar Maradi ba fa?"

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ba wanda ya tambaye ta, ta ce to ruwa zai ci mu. Ta kawo labarin da ta ji a bakin mahaifiyarta na ambaliyar 1945, da Gulbi ya cinye tsohon gari a kwari har aka hauro da mutane tudu. Yaran suka yi tsit, don wannan ba ya cikin littafi.

Na ce su ƙara murɗawa, mu nufi arewa. A Gobero, cikin yashin Tenere, ayarin wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan dinoso a shekarar 2000, sai ya faɗa kan maƙabarta mai kusan kabari 200, wasu sun doshi shekara 10,000. Lokacin tafki ne a wurin, da dorina da kada da giwan ruwa, mutane na sukar kifi da mashin ƙashi. Akwai yarinyar da aka rufe da awarwaron haƙorin dorina a damtsenta. Auta ta kama nata damtsen, ta ruga ta ɗauko kaye.

Har la'asar suna zane. Rigima ta tashi da ɗan ƙanwata ya dasa ƙaton dinoso a bakin tafkin, kusa da masunta. Na ce a'a, dinoson da aka tono a Gadufawa, can cikin Tenere, sun wuce shekara miliyan 100, ba ɗan Adam ko ɗaya a lokacin.

"Kawu, ba muna da na'ura ba? Mu muka ɗauko shi."

Na rasa ta cewa. Muka shirya a kan za a zana shi ɗaure a bayan na'urar, don mai karatu ya san baƙo ne.

Sai bayan magariba uwar Auta ta lura kayen lissafi ne aka cinye wa shafuka da dorinai. Ni aka ɗora wa sayen sabo kafin Litinin.