Haƙarƙarin da ban ƙirga ba

A makon jiya aka sa mini hannu na ƙarshe a littafin horo, na bar sashen gwajin zuciya. Na ga abubuwa da yawa a can, amma wadda ta fi tsaya mini a rai wata dattijuwa ce, da wayoyi biyu da na manna mata a inda ba nan ne gurbinsu ba.

Duk ɗalibin da ya yi shekara a aji ya haddace wannan kamar sunansa. Wayoyi 10 ne ke ba da fuskoki 12 na ECG, wato gwajin da ke zana motsin lantarkin zuciya a takarda. Wayoyin ƙirji kowace da sunanta da gurbinta: V1 a rami na 4 tsakanin haƙarƙari, gefen dama na ƙashin ƙirji, V2 daura da shi ta hagu, V4 a rami na 5. Kuma ba a gane ramin sai an laluba ɗan tudun nan na ƙashin ƙirji inda haƙarƙari na 2 yake haɗuwa da shi, a gangaro ana ƙirgawa. Na ci wannan a jarrabawa da maki mai kyau. To amma ranar farko da na tsaya ina lalube a kan majinyaci, mai kula da ni ya ce, "Kai, da wannan laluben naka sai mu kwana a nan. Ido ne ke aiki." Ga mutane jere a waje suna jira. Na dube shi yana manna wayoyi cikin ƙiftawar ido, na ce a raina ashe gwaninta ke nan, abin da aka koya mana a aji na 'yan koyo ne.

A mako na uku ya bar ni ni kaɗai a ɗakin. Aka turo dattijuwar a keken marasa lafiya, ranar za a yi mata aiki, tun tsakar dare ba ta sa komai a baki ba. Ta riƙe rigar asibitin a ƙirjinta da hannu biyu, idonta a ƙasa. Nauyin ce mata ta sassauta ya kama ni. Sai na manna V1 da V2 daidai inda rigar ta tsaya, sama sosai, kusan rami na 2. Takarda ta fito tsaf, babu karkarwa a layin, har na ji daɗi. A samanta na'urar ta rubuta cewa akwai alamar tsohon tabon toshewar jijiyar zuciya. Na miƙa ta haka.

Likitan sa barci ya ga rubutun, ya ce ba zai taɓa ta ba sai an yi mata eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti. Kafin a samu gurbin eko, lokacin aikinta ya wuce. Eko ya fito lafiya lau. Mai kula da ni ya sake ɗaukar ECG, wannan karon yana ƙirga haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya a gaban likita, tabon nan ya ɓace kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shaidar tana kwance a takardata tun farko: igiyar P, ɗan tudun farko a zanen kowane bugun zuciya, ta kife ƙasa a V2, alamar da aka koya mana cewa an ɗora wayar sama fiye da kima. Ban duba ba, domin na bar na'ura ta karanta mini.

Mai kula da ni ya juyo gare ni a gaban likita da majinyaciyar da 'yarta, ya ce, "Wa ya koya maka haka?" Amsar tana bakina. Na haɗiye ta, domin shi ke sa hannu a littafina, kuma ba hannunsa babu kammalawa. Ya rubuta a shafin makon cewa ina da gaggawa da rashin kula. Rubutun yana nan har yau.

Laifina ne, ba na musu. Ni na manna wayoyin, ni na ji nauyin da bai kamata ya hana ni aiki ba. Amma har gobe ina ganin wanda ya ce wa ɗalibi ya daina ƙirgawa yana da kaso a ciki, kuma babba ne ya fi cancanta ya fara faɗin nasa.

Na je na same ta kafin a mai da ita, na ce, "Mama, ki yafe ni, ni na jawo aka ɗage miki aiki." Leɓenta a bushe, ta ce, "Ɗana, ba komai, gobe ka kula." Sai bayan mako biyu aka yi mata aikin.

Wata ma'aikaciya da ta daɗe a sashen ce ta nuna mini abin da ya kamata in sani tun farko. A gaya wa majinyaci abin da za a yi da dalilinsa, a nemi izini, a tambaya ko tana son mace ta tsaya a ɗakin, a rufe inda ba a aiki. Da aka bi haka, ban ga wadda ta ƙi ba. Ƙirgawar kuma ba ta kai minti ɗaya ba.

Sauran darussan sun zo da sauƙi. A duba suna da ranar haihuwa kafin a danna komai. A tabbatar takarda na gudu milimita 25 a daƙiƙa. In zanen fuska ta I ya kife, na fuskar aVR ya miƙe, a fara zargin an musanya wayoyin da aka manna a hannaye. Mai ɗauke da na'urar Holter, wadda ke naɗar bugun zuciya na awa 24, a nanata masa ya rubuta lokacin da ya ji wani abu. A gwajin injin gudu kuwa, inda majinyaci ke tafiya a kan inji ana duba zuciyarsa, fuskar mutum za a riƙa kallo tare da allo.

A makona na ƙarshe aka kawo sabon ɗalibi. Ina shirya wayoyi a bayan labule na ji an ce masa da wannan laluben sai a kwana a nan. Da aka tashi hutun rana na ja shi gefe, na kama yatsansa na ɗora a kan tudun ƙirjina, na ce ya gangara yana ƙirgawa da ƙarfi in ji.