Wasa sarƙar zarto da yankan itace a hunturun Ontario

A karkarar Ontario da ke Kanada, duk mai ɗumama gida da murhun itace ya san itacen baɗi a hunturun bana ake yanka shi. Tun da muka koma gidan da ke da murhu na shiga sahun masu fita daji a watannin Janairu da Fabrairu. Lokacin ya fi kowane daɗin aiki: ƙasa ta daskare, tarakta ba ta nutsewa a laka, babu ganyen da zai tare maka ganin rassan sama, sauro kuma ya ɓace. Dajin na maƙwabcina ne, wani dattijo manomi. Ni ke yanka, shi ke jan gungume da tarakta, mu raba.

Yawancin abin da muke sarewa itacen ash ne da ya mutu a tsaye. Wani koren ƙwaro da ya shigo daga Asiya ne ya kashe su. A 2002 aka fara gano shi a birnin Windsor na Ontario da kuma jihar Michigan ta Amurka, kuma tun daga nan ya halaka miliyoyin bishiyoyi, domin tsutsarsa na cinye abin da ke ƙarƙashin ɓawo har ruwa ya daina hawa. Shi ya sa hukuma ta taƙaita ɗaukar itacen wuta daga wani yanki zuwa wani. Mataccen ash gautsi gare shi, reshe kan ɓalle ba gargaɗi, don haka ba na tsayawa ƙarƙashinsa ba hular kwano, kuma kafin in tayar da inji sai na ɗaga kai na duba.

Amma abin da aikin nan ya fi koya min game da sarƙar zarton inji ne, wato sarƙa mai haƙora da ke zagaya ruwan zarton tana yanka itace. Mutane na yawan tambayar wane zarto ya fi, na kamfanin Stihl ko na Husqvarna, da girman injinsa. Ni a ganina ƙaramin zarto mai sarƙa mai kaifi ya fi babba mai dakusasshiya nesa ba kusa ba. Alamar kuwa tana ƙasa, kusa da ƙafarka. Idan sarƙa na da kaifi, manyan sassaƙe za ka ga suna zuba a kan dusar ƙanƙara, zarton na jan kansa cikin itacen, kai riƙewa kawai kake yi. Da zarar ka ga gari mai laushi, ka ji kana danna zarton da ƙarfi, ko ka ji ƙauri, to sarƙa ta dakushe. Ci gaba a haka ɓarnar mai ce, ruwan zarton ya yi zafi, hannu ya gaji, kuma a gajiye ake jin rauni.

Kowane haƙori na sarƙar yana sassaƙa ne, ba goga ba. Wani ma'aikacin daji a jihar Oregon, Joseph Cox, shi ya ƙirƙiro wannan fasali, ya fara ƙera shi a 1947, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da muƙamuƙanta masu lanƙwasa. Shi ya sa haƙoran suke jere ɗaya na kallon dama, na bayansa na kallon hagu. Idan ka gane haka, wasawar ba ta da wuya.

Magagari zagayayye nake amfani da shi, kuma dole kaurinsa ya dace da sarƙar. Tawa lambar girmanta .325 ce, magagarinta milimita 4.8. Nakan matse ruwan zarton a kan kututture, in sa wa haƙorin farko alama da alƙalami don in san inda na fara. Sai in kwantar da magagarin a kusurwar digiri 30, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa na leƙowa saman haƙorin, in tura daga ciki zuwa waje. Turawa kaɗai ke ci. A dawowa ɗaga shi ake yi. In gama haƙoran ɓangare ɗaya, in juya zarton in yi ɗayan. Yawan turawar ya zama daidai a kowane haƙori, domin hannun da ka fi ƙarfi da shi yakan ci ƙarfe fiye da ɗayan, kuma idan haƙoran gefe ɗaya suka fi tsawo, zarton zai riƙa karkata yana yanka baka maimakon miƙaƙƙen layi.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke mantawa, dattijon nan ne ya nuna min shi. A gaban kowane haƙori akwai ɗan doro, shi ke ƙayyade zurfin da haƙorin zai shiga itace. Saman haƙori a gangare yake, saboda haka duk wasawa tana rage masa tsayi, doron kuwa yana nan yadda yake. A hankali sai ka tarar haƙora na da kaifi kamar me, amma ba sa kai wa ga itacen. Ana so doron ya yi ƙasa da bakin haƙori da kimanin milimita 0.65. Akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ake ɗorawa, abin da ya leƙo a goge shi da shimfiɗaɗɗen magagari. Kada kuma a zarce da zalama. Doron da ya yi ƙasa sosai yana sa zarton fizga da tsalle, a daskararren itace kuwa abin ya fi muni.

Sanyi na ƙara wa sarƙa wahala. Itacen da ruwan cikinsa ya zama ƙanƙara tauri gare shi, ga yashi da laka da suka daskare a jikin ɓawo idan an jawo gungume a ƙasa. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifin. Saboda haka nakan yanka gungume ya wuce rabi, in mirgina shi, in ƙarasa ta ɗaya gefen. A hunturu na fi son sarƙa mai haƙoran da kusurwarsu ke da ɗan zagaye. Ba ta kai mai tsini sauri ba, amma tana riƙe kaifi cikin datti da ƙanƙara. Kuma ba na jiran ta dakushe. Duk lokacin da na tsaya zuba fetur, nakan bi haƙoran da turawa biyu ko uku, kamar yadda mahauci ke goga wuƙarsa tsakanin yanka da yanka. Mintuna kaɗan ne, yatsu na ciwon sanyi, amma ya fi ka zauna da dare kana gyaran haƙoran da suka lalace.

Man sarƙa na bazara yakan yi kauri idan sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, sai a nemi na hunturu mai ruwa-ruwa. Bayan aiki nakan sassauta sarƙar, domin idan ta huce tana tsukewa, tana iya yi wa injin illa. Wandon kariya kuwa ba na fita babu shi, kuma ba na barin saman hancin ruwan zarto ya taɓa komai, don daga nan ne yake yin tsalle ya dawo wa mutum a fuska.

Faskare a sanyi daɗi ne da shi, ash da mapul suna tsagewa da sara ɗaya, elm ne kawai mai gardama. A nan da ma'aunin kod ake lissafin itace, wato jibgi mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4. Muna jera shi a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, mu rufe samansa kaɗai, gefuna a buɗe iska na ratsawa. Kafin ya shiga murhu sai na tsaga guda na soka masa na'urar auna danshi, idan ya haura kashi 20 cikin 100 ya koma jibgi, domin ɗanyen itace hayaƙi yake yi, yana tara baƙin kwalta a bututun hayaƙi, wanda ke iya kamawa da wuta.