Farar rigar amarya da jan biron malaminmu

A shekarata ta uku a sashen tarihi aka ba mu jinga kan rayuwar Turawa a zamanin tsakiya, wato daga faɗuwar daular Rum zuwa wajen 1500. Na ɗauki bikin aure don ina ganin ganima ce. Yayata tela ce, cikin leshi da mayafin amare na taso, ga intanet cike da bayani. Dare ɗaya na cika shafi shida na miƙa.

Takardar ta dawo kamar an yanka kaza a kanta. A gefen layin da na ce farar rigar amarya gadon wancan zamanin ce, malam ya rubuta: "Wa ya gaya miki? Wace shekara?"

Sai da na yi mako biyu a laburare kunya ta sake ni. Ashe amaryar lokacin rigar da ta fi kyau a akwatinta take sawa, ja ce ko shuɗiya. An samu ɗaiɗaikun 'ya'yan sarauta da suka sa fari, kamar Philippa 'yar Sarki Henry na Huɗu na Ingila a 1406, amma bai zama yayi ba sai da Sarauniya Biktoriya ta yi aure a 1840. Zoben lu'ulu'u ma, duk da ana ambaton wanda Maximilian, basaraken Austria, ya ba amaryarsa Mary ta Burgundy a 1477, tallan kamfanin lu'ulu'u na De Beers na 1947 ne ya mayar da shi kamar farilla.

Abin da ya fito daga zamanin da gaske ba ya fita a hoto, shi ya sa ba a damu da shi ba. Fafaroma Alexander na Uku, wanda ya riƙe kujerar daga 1159 zuwa 1181, ya tsayar da cewa yardar mutum biyu ita ce aure. Saurayi ya ce na ɗauke ki mata, budurwa ta ce na ɗauke ka miji, ko a gindin bishiya ne, ba fada (limamin coci) ba shaida, aure ya ɗauru. Sai kotunan coci suka cika da rigima: ita ta ce ya aure ta, shi ya ce alkawari kawai ya yi. Don haka babban taron shugabannin coci na Lateran na 1215 ya wajabta shelar aure a coci tun kafin ranar, mai ƙorafi ya fito ya faɗa. Duk da haka auren ɓoye bai daina ɗauruwa ba sai 1563, da taron Trent ya sharɗanta wa Katolika fada da shaidu biyu.

A Ingila kuwa a ƙofar coci ake ɗaurawa, a idon jama'a. Nan ango zai bayyana dukiyar da matar za ta ci idan ya riga ta mutuwa, ya sa mata zobe, sannan a shiga ciki addu'a. Alkawarin nan na zama tare a daɗi da wuya, a wadata da talauci, a ciwo da lafiya, daga tsarin ibadar cocin garin Salisbury ya fito, littafin addu'ar Cocin Ingila na 1549 ya ɗauke shi kusan yadda yake.

Ina karanta wannan sai ƙofar gidanmu ta faɗo mini, maza kan tabarmi, sanƙira na shelar sadaki lakadan ba ajalan ba. Daɗi ya kwashe ni na rubuta cewa lallai wani ya aro daga wani. Nan ma jan biro ya sauka: "Kama da wane ba wane ba ne. Ina hujja?" Na goge sakin layin gaba ɗaya, ina jin zafinsa, don shi na fi so a duk aikin.

Ranar da na karɓo takarda ta biyu na tarar da Yaya tana ɗinka wa wata amarya farar rigar dina. Na ce mata wannan yayin bai ko cika shekara 200 ba. Ba ta ɗago daga kan keke ba ta ce, "To miƙo mini almakashi, jibi za a karɓa."