Yini Guda a Tafkunan Dutsen Manengouba

Dutsen Manengouba yana yammacin Kamaru, kusa da garin Nkongsamba, ƙololuwarsa ta kai mita 2,411. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru. Bakinsa ya rufta ya zama faffaɗan kwari a can sama, kuma a cikin kwarin nan ne tafkuna biyu suke, Tafkin Mace da Tafkin Namiji. Su muka je gani a watan Janairu, lokacin da ruwa ya ɗauke.

Daga ƙauyen Mbouroukou muka tashi, ta wajen Melong, ana idar da sallar asuba. Akwai hanya ta garin Bangem da ke yankin masu magana da Ingilishi, amma tun da rikicin yankin ya ɓarke a 2016, 'yan gari ke ba baƙo shawarar ya bi ta wannan ɓangaren. Da farko gonakin kofi da ayaba muka ratsa, sai kurmi mai sulɓi, daga nan itatuwa suka ƙare, sai ciyawa iya ganinka. Hawan bai kai a kama dutse da hannu ba, amma ba ya sassautawa. Ɗan jagoranmu bai bari mun yi dogon zama ba. "Ku dai riƙa takawa," in ji shi, "hazo ba ya jiran kowa."

Da muka leƙa kwarin, abin da ya fara kama idona shanu ne da dawaki. Fulani Mbororo ke kiwo a wurin, da rugagensu. Wani dattijo ya amsa sallamata da Hausa tsaf, na ce, "Baffa, ina gajiya?" Ya ce, "Ku za a yi wa sannu, yaro, mu nan gida ne." Aka kawo mana nono a ƙwarya, da sanyinsa, maƙogwaro ya jiƙe.

Tafkin Mace ya fi girma, ruwansa shuɗi, kuma akwai hanyar gangarawa har bakinsa. A nan muka yi alwala, yatsu suka ƙage don sanyi. Tafkin Namiji kuwa kore ne shar, yana can ƙasan rami mai gangare, itatuwa sun kewaye shi. Daga sama muka tsaya. Mutanen Bakossi, ƙabilar da ke zaune a gefen dutsen nan, suna girmama shi ƙwarai, don a wurinsu nan ne mazaunin kakansu Ngoe, kuma ɗan jagora ya ce ba a shiga wannan tafkin. Ban ga dalilin musu ba. Wanda ya zo na yini ɗaya ba shi ne zai gyara wa masu wuri al'adarsu ba, kuma raina ya ɓaci da na ga robobin ruwa da ledoji da wasu baƙi suka watsar inda shanu ke kiwo. Muka tsince abin da jakunkuna za su ɗauka.

Maganar hazo ta tabbata. Bayan azahar gajimare ya taso daga ƙasa ya rufe kwarin, har wanda ke gabanka da taku goma sai dai ka ji muryarsa. Hanyoyin shanu sun yi yawa, duk kamarsu ɗaya, wanda ba shi da ɗan gari sai ya ɓace. Shi ya sa nake ganin kuɗin jagora ba asara ba ne, haka rigar sanyi, ko da rana na ƙwallewa a ƙasa.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Sanda ta yi mana rana a cikin kurmin, kuma takalmi mai kama ƙasa ya fi kowane guzuri amfani. Mun shigo Mbouroukou gab da magariba, ƙafafu na rawa, muka nemi shayi mai zafi.