Inda na kai a aikin fitilun Golf 3: maganar ƙwai mai wat 100

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon wayarin mota. Ga inda aikin fitilun Golf ɗin yayana ya kwana, tunda wasunku ma na shirin saka manyan ƙwayaye kafin hazo ya sauko. Yaya na yawan bin hanyar Zariya da dare, ya ce da zarar ya wuce Maraban Jos sai lalube. Buƙatarsa ita ce a cire ƙwan H4 na asali mai wat 60/55 (60 na doguwar fitila mai haska nesa, 55 na gajera mai haska kusa), a sa masa mai 100/90 irin wanda ake samu a kasuwar Panteka ta Kaduna.

Ban kai ga taɓa ƙwan ba maigidana ya miƙo mini mita. "Fara auna abin da ke isa soket tukuna," in ji shi. Na tayar da inji, na kunna gajera. A kan batir mita ta nuna bolt 14 da 'yan kai, a bayan ƙwai kuwa da kyar ta haura 12 da rabi. Dalili shi ne Golf 3 ba ta zo da rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babbar wuta kai tsaye daga batir) a layin fitila ba. Wuta kan tashi daga batir, ta shiga makunnin da ke gaban direba, ta bi ta sandar sigina, sannan ta dawo gaba ta siririyar wayar da ta shekara kusan talatin. Ko'ina ta ratsa sai ta bar wani abu. Shi kuma ƙwan halojin ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in bolt ya ragu da kashi 10 cikin 100, kusan sulusin haskensa ne ke tafiya.

Ku riƙe wannan lissafin, zai yi muku amfani a kowace mota: a raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne am, wato yawan wutar da ke bin waya. Ƙwai mai 55 yana jan am 4.6 a bolt 12, mai 100 kuwa ya haura 8, biyu sun haura 16. Duk wannan nauyin a kan waccan wayar zai hau. Akwai wani soket da maigida ya ajiye a kan benci yana nuna wa yara, daga wata motar haya aka ciro shi. Robar ta narke ta langaɓe gefe guda, ƙafa ɗaya ta yi baƙi ƙirin ta manne, in ka kai shi hanci har yanzu ƙauri yake. Babban ƙwai ne ya yi masa haka, kuma a hanya fitilar ta ɗauke wa mai ita.

Don haka na haɗa rile biyu, ɗaya na gajera ɗaya na doguwa. Ƙafa ta 30 na ɗauko wuta daga batir ta cikin fis, ta 87 na kai wa ƙwai, ta 86 na karɓar umarni daga tsohuwar waya, ta 85 kuma bodi. Waya mai kauri 2.5 mm² na sa, fis ɗin bai fi taƙi ɗaya daga kan batir ba, soket kuma na tangaran. Inda zan ɗaure as (wayar da ke mayar da wuta jikin bodi) sai da na kankare fenti har ƙarfe ya fito fes. Masu aiki a kan tsofaffin Toyota ku duba da kyau, da yawansu ta ɓangaren as makunni ke yankewa, haɗin ba zai zo ɗaya da wannan ba.

Da na kunna, wallahi na ji daɗi. Tsohon ƙwan ne dai, amma jan hasken nan ya koma fari, mita kuma ta kusa kamo abin da ke kan batir.

Sai saiti. Bayan magariba muka tsayar da motar a wuri mai lebur, tazarar mita 10 daga katanga, na ɗiga alli daidai tsayin tsakiyar fitila, na juya sukurori har layin gajera ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da alamar. Ta hagu ashe sama take kallo. Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin duk mai bin baifas ko ta Kawo da dare ya san yadda fitila ɗaya marar saiti ke rufe wa mai Keke Napep ko ɗan acaɓa ido, ga mutane na tsallaka titi. Ƙara wat a kan irin wannan fitilar cutar da bayin Allah ne. A Turai ma ba a yarda a hau titi da mai 100/90 ba.

Mun tsaya a kan sabon ƙwai mai kyau 60/55, na kama shi da tsumma don maiƙon yatsa na rage masa kwana. Gilashin Golf na gaske ne, yana jure zafi, amma azurfar ciki mai mayar da haske gaba ba ta jurewa. Masu Corolla da Camry da fuskar fitilarsu roba ce, ban ba ku shawarar mai 100 ba ko da rile. In ta yi rawaya ku bi ta da sanfefa mai laushi da ruwa, ku goge, ku fesa mata abin kariya daga rana.

Abin da ya rage shi ne azurfar fitilar dama da ta dushe. Goge ta ƙara lalata ta zai yi, shi ya sa ranar Asabar zan leƙa kasuwar kayan mota ta Oriapata neman fitila ta Beljiyam, in na haɗa sai in sake saiti daga farko.